Daga Stonefall zuwa Buckden Pike: Sawun Mayaƙan Saman da Suka Mutu Wajen Horo

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Leeds ba ya cika awa guda kafin ya isa Harrogate, wani gari mai tsafta a arewacin Ingila da ya yi suna da ruwan wankan magani da manyan otal-otal da lambuna. Na sauka ne da hantsi a cikin kaka, ana yayyafi, na nemi motar haya zuwa maƙabartar Stonefall da ke kan hanyar Wetherby. A can ne ake da ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka binne sojojin Yaƙin Duniya na Biyu a arewacin ƙasar, yaƙin da kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Kaburburan sun kusa 1,000, kusan dukkansu na sojan sama ne, kuma kashi biyu cikin uku na mamatan 'yan Kanada ne.

Da shigata sashen sojojin, abin da ya fara ɗaukar idona shi ne daidaiton wurin. Fararen duwatsu ne masu tsayi ɗaya da faɗi ɗaya, an jera su sahu-sahu a kan ciyawar da aka aske ƙwal, babu wanda ya fi wani, ko hafsa ne ko saje. A kan kowane dutse akwai tambarin runduna, da lambar soja, da muƙami, da suna, da aikin da mutum yake yi a cikin jirgi, da ranar rasuwa, sau da yawa kuma har da shekaru. A can ƙasa akwai gajeren rubutun da iyali suka zaɓa, wanda aka ƙayyade musu yawan haruffansa. Na bi sahu na farko ina karanta shekarun: 19, 21, 20, 23, 19. Idan ka ci karo da mai shekara 30, sai ka ji kamar ka haɗu da dattijo.

Sai da na yi nisa a cikin sahun na lura da ranakun. Duwatsu biyar ko shida a jere za su ɗauki rana guda, sannan ranar ta canza, wasu biyar ko shida su biyo baya. Ma'aikatan jirgi ɗaya ke nan da suka mutu tare aka kwantar da su kafaɗa da kafaɗa. Babban jirgin jefa bama-bamai yana ɗaukar mutum bakwai, amma ba kasafai ake samun bakwai ɗin cif a sahu ba, domin idan akwai ɗan Birtaniya a cikinsu, wanda yawanci shi ne injiniyan jirgin, iyalansa kan ɗauke gawarsa su binne a garinsu. Waɗanda suka rage a Stonefall su ne baƙin da teku ta raba da gida, 'yan Kanada da Ostireliya da New Zealand, waɗanda iyayensu ba su ga gawa ba, ba su tsaya a bakin kabari ba, wayar tangarahu kawai ta isa gare su.

Akwai wani abu da wannan maƙabarta ke nunawa tun kafin a buɗe wani littafin tarihi. Wanda aka harbo a sararin samaniyar Jamus, a can aka binne shi, ko kuma ba a ga gawarsa ba sam. Kusan duk wanda ke kwance a nan, a ƙasar Ingila ya cika. Wasu sun dawo daga farmaki da jirgi a farfashe suka faɗi wajen sauka, wasu raunuka ne suka kashe su a asibiti, amma da yawa daga cikinsu ba su taɓa ganin abokin gaba ba, ba a taɓa harba musu ko harsashi ɗaya ba. Suna cikin koyon aikin ne ajali ya same su. Rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya ta yi amfani da ma'aikatan jirgi kimanin 125,000 a tsawon yaƙin, kuma 55,573 daga cikinsu sun mutu. A cikin wannan adadi, fiye da 8,000 haɗurran horo da sauran haɗurran da ba na fagen daga ba ne suka ci su, wato kusan mutum ɗaya a cikin kowane bakwai. Wannan lissafi ne ya taso da ni daga Leeds, domin a yawancin labaran yaƙin layi ɗaya ake ba shi a wuce.

Kafin yaro ya zo ya kwanta a Stonefall, ya sha doguwar hanya. A ranar 17 ga Disamba 1939 aka sa hannu a Ottawa kan yarjejeniyar horar da mayaƙan saman ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautar Ingila, aka zaɓi Kanada ta zama babbar cibiya saboda faɗin ƙasarta da nisanta daga jiragen Jamus. Kafin a rufe shirin a 1945 ya yaye mutum 131,553, kuma ɗalibai 856 sun mutu a can Kanada tun ba su tsallaka teku ba. An buɗe irin waɗannan makarantu a Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, da Afirka ta Kudu. Mu ma wannan yaƙi na sama ya ratsa ta kanmu, domin tun daga 1940 ake harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana, a bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta Chadi a yau, da Kartum zuwa Masar. A Kanada yaro kan fara da ƙaramin jirgi irin Tiger Moth, ya wuce zuwa Harvard ko Anson, ya karɓi bajensa, sannan a sa shi a jirgin ruwa zuwa Birtaniya. Su kansu otal-otal ɗin Harrogate da na wuce da safe, a lokacin yaƙin an mayar da wasunsu masaukin sababbin mayaƙan sama masu jiran a tura su sansani. Ba mamaki wasu daga cikin mazauna Stonefall sun kwana a waɗannan ɗakuna 'yan watanni kafin a dawo da su garin a cikin akwati.

Matsalar ita ce sararin da suka koyi tuƙi a cikinsa ba shi ne wanda suka tarar ba. A filayen Kanada titunan mota da layukan dogo a miƙe suke, garuruwa na haskakawa da dare, kuma mutum na iya hango gari tun daga nesa mai yawa. A Ingila an kashe kowace fitila saboda tsoron farmaki, ƙauyuka sun yi kama da juna, hanyoyi sun murɗe, gajimare na sauka har ya taɓa kan tuddai, ga hazo da hayaƙin masana'antu. Don haka sai a sake horar da su mataki-mataki. A sansanonin share fagen shiga yaƙi ne ake haɗa su rukuni, kuma yadda ake haɗin ya ba ni mamaki: a tara matuƙa da masu lissafin hanya da masu saita bam da masu rediyo da maharba a cikin babbar rumfar jirage, a ce kowa ya nemi abokan tafiyarsa. Cikin 'yan sa'o'i mutum zai zaɓi waɗanda zai rayu ko ya mutu tare da su, bisa kallon fuska da 'yar gajeruwar hira. Daga nan su yi ta shawagi da jirgin Wellington ko Whitley mai inji biyu, sannan a tura su matakin ƙarshe inda ake ƙara musu injiniya da maharbi na biyu, su koma jirgi mai inji huɗu.

Irin wannan jirgi na je gani washegari a gidan tarihin jiragen sama na Yorkshire da ke Elvington, kusa da birnin York, a motar wani abokina da ke karatu a yankin. Wurin tsohon sansanin yaƙi ne, hasumiyar kula da jirage da ɗakunan kwano na wancan zamani suna nan a tsaye, kuma rundunonin Faransa biyu sun yi aiki daga nan a 1944 da 1945. A cikin rumfa akwai jirgin Halifax da aka sake ginawa daga sassan jirage daban-daban. Na tsaya a ƙarƙashin fiffikensa, wanda daga wannan baki zuwa wancan ya kai mita 30, cikinsa an shafe shi da baƙin fenti don kada fitilun ƙasa su kama shi. Na zagaya ta baya na daɗe ina kallon gurbin maharbin wutsiya, wani ɗan keji na gilashi da ƙarfe da mutum ke shiga ya zauna gwiwoyinsa na gogar bindigogi, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, shi kaɗai, nesa da sauran. Saboda ƙuncin wurin, laimar saukarsa ma a waje take rataye, a cikin gangar jirgin, sai ya buɗe ƙofa ta bayansa ya lalubo ta idan abu ya ɓaci.

Wutsiyar jirgin da ke Elvington tana da faifai biyu masu faɗi, kusan murabba'i, amma Halifax na farko-farko ba haka suke ba. Nasu faifan masu kusurwa uku ne, kuma suna da wani mugun aibi: idan jirgi na tafiya a hankali, ko inji ɗaya ko biyu sun mutu a gefe guda, matuƙi ya taka sitiyarin wutsiya da ƙarfi, sai ya ƙulle a gefe ɗaya, jirgin ya shiga juyi ya nufi ƙasa, babu ƙarfin ƙafar da zai dawo da shi. An yi ta asarar jirage da mutane a haka kafin a tabbatar da musabbabin, aka fara sauya faifan a 1943. To, tashi da inji uku, da kaucewar gaggawa daga jirgin da ke bin ka, suna cikin darussan da dole ɗalibi ya yi. Wato ainihin abin da ke tayar da aibin shi ne abin da ake umartar sabon matuƙi ya gwada.

A nan ne raina ya fi ɓaci. Sababbin jirage rundunonin da ke kai farmaki ake ba wa, abin da kowa zai fahimta. Waɗanda suka tsufa, injinansu suka gaji, gangar jikinsu ta sha faci, su ake turawa sansanonin horo. Tamkar a ɗauki tsohuwar tirelar da direbobi suka ƙi ce, a miƙa wa yaron mota makullinta, a ce ya koyi tuƙi da ita cikin dare a Hawan Kibo. Malaman da ke koyar da su kuwa mutane ne da suka gama zagayen farmaki 30 aka ce sun zo hutu, alhali kullum suna zaune a gefen wanda bai ƙware ba a cikin jirgin da ba a yarda da lafiyarsa ba. Kuma ba a tsaya nan ba: a daren 30 ga Mayu 1942, lokacin da aka so cika jirage 1,000 don kai wa birnin Kolon na Jamus hari, sai da aka kwaso jirage da ɗalibai da malamai daga sansanonin horo aka cike gurbi. Mu masu imani mun san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sanin haka bai hana a tambayi sababi ba, kuma sababin a nan a fili yake. Ana kashe mayaƙan saman a sararin Jamus da sauri fiye da yadda za a iya horar da madadinsu a natse, manya kuma sun san farashin gaggawar, suka amince a biya shi. Ba na cewa suna da wata hanya mai sauƙi a gabansu, amma ban yarda a kira mutuwar mutum 8,000 tsautsayi kawai a rufe zancen ba.

Daga York muka miƙe arewa ta cikin shimfiɗaɗɗen kwarin da ke tsakanin tuddan Pennine a yamma da tuddan North York Moors a gabas. A nan rukuni na 6 na rundunar, wanda na 'yan Kanada ne, ya kafa sansanoninsa daga farkon 1943, hedikwatarsa na Allerton Park kusa da Knaresborough. Allunan hanya sun riƙa kawo sunayen da na gani a rubuce: Linton-on-Ouse, Tholthorpe, Dishforth, Dalton, Topcliffe, Skipton-on-Swale, Leeming. Kusancinsu da juna ya ba ni tsoro, domin 'yan mintuna kaɗan ne a mota tsakanin wani da wani, kuma a sama da'irar da jirage ke yi kafin sauka ta kusa shiga ta maƙwabta. Wasu filayen har yanzu na soja ne, wasu sun koma gonaki, a kan titunan saukar wasu kuma an gina ɗakunan kiwon kaji. Kwarin na tara hazo, kuma duk wanda ya kauce hanya kaɗan zuwa dama ko hagu, tudu ne ke jiransa a cikin gajimare. Daga Topcliffe ne wani Halifax mai lamba LL505 ya tashi a daren 22 ga Oktoba 1944 don atisayen gane hanya, ya ɓace a cikin gajimare, ya sauko ƙasa-ƙasa don neman alamar inda yake, ya daki kan tsaunin Great Carrs da ke yankin tafkuna na arewa maso yamma. Dukkan mutum takwas da ke ciki suka mutu, bakwai 'yan Kanada, ɗaya ɗan Sikotilan, kuma har yau ƙarafan jirgin na warwatse a gangaren tsaunin.

Tudun da ni na hau shi ne Buckden Pike, mai tsayin mita 702, a can ƙarshen kwarin Wharfedale. Mun bi ta Skipton da Grassington, hanya tana ƙara matsewa tsakanin katangun duwatsun da aka jera ba siminti, tumaki na kiwo a kowane gangare, har muka isa ƙauyen Buckden muka ajiye mota. Hawan ya fara da sauƙi a kan wata tsohuwar turba mai tsakuwa, daga baya ya miƙe tsaye. Kusa da ƙololuwa ƙasar ta zama baƙar laka mai jiƙe da ruwa, takalmi na nutsewa, iska kuma na bugu ba sassauci. Muna cikin tafiya gajimare ya taso daga yamma ya lulluɓe mu, ƙauyen da muke hange ya ɓace, abokina da ke 'yan taku a gabana ya zama inuwa. Ya juyo ya ce mini, "Malam, riƙe katangar nan, kada ka rabu da ita." Mu da ke tafiya a ƙasa da taswira a waya ke nan. Na tuna cewa mai lissafin hanya a 1942 agogo da kamfas da fensir yake da su, jirgi na gudun ɗaruruwan kilomita a awa, yana ƙiyasta ƙarfin iskar da ba ya gani.

Katangar ce ta kai mu ga abin da muka zo nema, kudu da ƙololuwar: wani gicciye na dutse a kan ginshiƙin siminti. A cikin simintin an dasa guntayen ƙarafan jirgi, kuma a gindinsa akwai kan yanyawa na tagulla yana leƙowa, hancinsa ya yi ƙyalli saboda shafar hannun masu wucewa. Mutane sun ajiye jajayen furannin takarda da ƙananan tutocin Poland masu fari da ja, sun danne su da duwatsu don kada iska ta kwashe.

A ƙarshen watan Janairu 1942 wani jirgin Wellington mai lamba N2848 ya tashi daga sansanin horo na 18 da ke Bramcote, a tsakiyar Ingila, ɗauke da 'yan Poland shida. Mutane ne da Jamus ta mamaye ƙasarsu a 1939, suka sha wahalar hanya har suka iso Birtaniya don su ci gaba da yaƙi. Atisayen kewaya ƙasa suka fito yi, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su, suka daina ganin komai, jirgin ya daki wannan tudu. Huɗu suka mutu nan take. Mai rediyo ya ji mummunan rauni, maharbin wutsiya kuwa, Saje Joseph Fusniak, ya tsira da karayar idon sawu. Ya lulluɓe ɗan'uwansa da abin da ya samu, ya fita neman taimako a cikin farin da ba gabas ba yamma. Yana jan jiki ya ga sawun yanyawa a kan ƙanƙara, ya yi tunanin cewa a irin wannan yanayi dabba za ta nufi inda mutane suke ne don neman abinci, sai ya bi sawun yana rarrafe yana gangarawa, har ya iso kusa da ƙauyen Cray, inda iyalan mai masaukin White Lion suka tsince shi. Guguwar ta hana masu ceto isa kan tudun da wuri, kuma ko da suka isa, mai rediyon ya riga ya cika. Su biyar ɗin an binne su a Newark, inda ake da maƙabartar mayaƙan saman Poland.

Wannan jinkiri na ceto ba a Buckden Pike kaɗai ya faru ba. Jirage sun yi ta faɗuwa a tuddan Wales da Sikotilan da arewacin Ingila, mutanen da suka tsira daga faɗuwar kuma sanyi da zubar jini su ƙarasa su kafin a gano inda suke. Wani likitan soja mai suna George Graham da ke sansanin Llandwrog a arewacin Wales ne ya fara tara ma'aikata yana hawa tsaunuka da su neman waɗanda suka faɗi, kuma daga ƙoƙarinsa aka kafa sashen ceto a tsaunuka na rundunar sojan saman Birtaniya a 1943, wanda ke aiki har yau. Ga mutanen N2848 abin ya zo a makare da shekara guda.

Mun gangara ta ɓangaren Cray don mu ga irin ƙasar da Fusniak ya ratsa. Gangaren na da tsanani, akwai ƙoramu da ke yanka shi, akwai katangun da sai an haura, ciyawar kuma na da santsi har mai lafiyayyun ƙafafu biyu sai ya riƙa dafa ƙasa. Na yi ta auna kowace katanga da ido ina tunanin mutum mai karyayyar ƙafa, cikin kayan tuƙi masu nauyi, da ƙanƙara har gwiwa. Cray gidaje ne 'yan ƙalilan na dutse a bakin hanya, masaukin na nan a inda yake, rafi na gudu a gabansa. Fusniak ya warke, an ba shi lambar yabo, an mayar da shi bakin aiki, kuma a cikin shekarar 1942 ɗin aka harbo jirginsu wajen farmaki, ya ƙarasa yaƙin yana fursuna a hannun Jamusawa. Bayan yaƙi ya zauna a Ingila, kuma a farkon shekarun 1970 ya dawo Wharfedale, mutanen kwarin suka taya shi hawa da kayan gini zuwa kan tudun, ya kafa gicciyen da hannunsa. A rubutun da ke jikinsa ya gode wa Allah da iyalan da suka tsince shi da jama'ar yankin, ya ambaci 'yan'uwansa biyar da inda aka binne su, shi kuwa bai sa sunansa ba, ya rubuta kansa a matsayin wanda ya tsira.